Mai Ɗa Wawa? Abin Da Ɗan Fari Ke Yi Wa Ƙwaƙwalwar Uwa Da Uba

A Wanke ta ƙasar Gusau, haka kuma a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, idan yarinya ta sami cikin fari ba lallai ba ne ta yi jego a ɗakin mijinta. Da ciki ya tsufa iyayenta sukan aiko a tafi da ita goyon ciki, in kuwa ta riga ta sauka sai a ɗauke ta zuwa gida wanka. Can za ta yi kwana arba'in, wani lokaci har ya zarce, tsakanin ruwan zafi da ganye safe da yamma, da kunun kanwa, da ƙauri mai yaji. Jaririn yana hannun kaka. In ya yi kuka a gaban mutane, mai jego ba ta saurin miƙa hannu, sai an ce mata, "Ke, karɓi ki ba shi mana." Sunansa ba ya fita daga bakinta. Shi kuwa angon ƙarni in ya zo dubiya sai ya durƙusa ya gai da surukai, ya leƙa fuskar yaron sau ɗaya kamar wanda aka nuna wa ɗan maƙwabta, ya ajiye sabulu da ɗan abin da ya kawo, ya sa takalmansa.

Kunyar ɗan fari ke nan, kuma ta Bahaushe ce duka, Musulmi da Kirista. Mun gaje ta. Littafin nan na Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya ba da labarin wannan kunya da yadda ake ba da ɗan fari riƙo ga dangi.

Amma duk macen da ta bi ta wannan hanya ta san abin da ke ƙarƙashin kunyar. Da dare, sa'ad da tsofaffi suka yi barci, ana iya yin tsawa mai jego ba ta motsa ba, amma jariri ya ɗan yi ƙananan kuka sai ka ga ta tashi zaune, tana laluben hancinsa ta ji ko yana numfashi. Yarinyar da bara uwarta ke fama da ita ta tashi ta hura wuta, yau ba mai tashinta. Mutanen da suka ce mai ɗa wawa sun ga wani abu. Abin da ba su da shi, shi ne na'urar da za ta leƙa cikin kai ta nuna inda aka taɓa.

Abin da aka gani a kan uwa

A birnin Basalona na ƙasar Sifen, wasu masana ƙarƙashin Elseline Hoekzema sun yi wani aiki na haƙuri. Suka nemo matan da suke neman haihuwar fari, suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu da na'urar MRI tun ba su yi ciki ba, sa'an nan suka jira. Mata 25 suka yi ciki suka haihu, aka sāke ɗaukarsu. Aka buga sakamakon a 2017, kuma ya ba mutane mamaki, gama abin da aka gani raguwa ce. Ɓangaren nan mai launin toka na ƙwaƙwalwa, inda ƙwayoyin tunani suke cunkushe, ya ragu a wasu wurare. Canjin ya fito fili har kwamfuta ta iya duba hotunan kawai ta ware matan da suka yi ciki daga waɗanda ba su yi ba, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Bayan shekara biyu aka sāke duba waɗanda ba su sāke yin ciki ba, yawancin canjin yana nan. A 2021 aka ba da rahoton wasu kaɗan daga cikinsu bayan shekara shida, har ila yau alamar ba ta goge ba.

Na san wani mai karatu zai yi dariya ya ce, ashe shi ya sa. To, a dakata. Wuraren da suka ragu ba barkatai suke ba. Su ne wuraren da mutum ke amfani da su wajen gane abin da ke zuciyar wani: ya dubi fuska ya san ana jin yunwa, ko tsoro, ko ciwo. Da aka nuna wa matan hotunan jarirai, nasu da na wasu, waɗannan wurare ne suka fi motsawa sa'ad da kowace ta ga nata. Bugu da ƙari, matan da canjin ya fi yawa a kansu su ne suka fi nuna shaƙuwa da jariransu. A gwajin tuna abu da aka yi musu kuwa, ba a ga sun gaza yadda suke dā ba.

Masu binciken suna ɗaukar wannan raguwa a matsayin gyara. Manomin gero zai gane. In ka shuka, tsiro ya fito da yawa a rami ɗaya, ai sai ka bi kana ragewa, ka bar biyu ko uku. Wanda bai san noma ba zai ce ɓarna kake yi, alhali kuwa waɗanda ka bari su ne za su yi zangarniya. Ƙwaƙwalwa tana yin irin wannan gyara sa'ad da yaro ke balaga, kuma wani bincike na 2019 da ya gwada hotunan masu cikin fari da na 'yan mata masu tasowa ya sami kamanni ƙwarai a tsakaninsu.

A 2024 aka sami hoto mafi cika. Wata malamar jami'a a Kalifoniya ta Amurka, mai shekara 38, ta yarda aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta sau 26, daga mako uku kafin ta yi cikin fari har shekara biyu bayan haihuwa. An ga raguwar tana tafiya mako-mako tare da hauhawar sinadaran ciki a jininta, ta shafi wajen kashi 80 cikin 100 na wuraren da aka auna, da raguwar kimanin kashi 4 cikin 100. A lokaci guda kuma jijiyoyin da ke haɗa sashe da sashe suka ƙara ƙarfi a tsakiyar cikin, sa'an nan suka koma yadda suke wajen haihuwa. Watau aikin yana farawa tun yaro bai faɗo ba. Sa'ad da ungozoma ke yanke cibiya, an riga an yi watanni ana shirya kan uwar.

Maganar mantuwa fa? Mace ta ɗora tukunya ta manta, ta shiga ɗaki ta rasa abin da ya kawo ta. Wannan ba ƙarya ba ne. Masana a ƙasar Ostareliya sun tattara bincike 20 a 2018, suka ga akwai ɗan raunin tuna abu, musamman a watanni uku na ƙarshen ciki, amma ƙarami ne, bai fita daga abin da ake gani ga lafiyayyen mutum ba. A haɗa da rashin barci. Duk namijin da ke yi wa matarsa gori a kan gishirin da ta manta, a tashe shi sau huɗu kowane dare har wata biyu, sa'an nan a aike shi kasuwar Gusau da saƙo biyar a ga nawa zai dawo da su.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu fiye da mutanen Basalona. Matan da aka auna can manya ne, yawancinsu sun kai shekara talatin ko sun haura. A garuruwanmu kuwa mai cikin fari sau da yawa 'yar shekara goma sha shida ce ko sha bakwai, alhali ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai ya wuce ashirin. Gyara biyu ke nan a kai ɗaya a lokaci ɗaya, na balaga da na uwa. In irin wannan yarinya ta ruɗe, ta yi kuka tare da jaririnta, ba sakarci ba ne.

Uban fa, shi da bai ɗauki ciki ba?

A binciken nan na Basalona an auna mazan matan su 19, ba a ga wani abin a-zo-a-gani ba. Amma da aka sāke dubawa da kyau labari ya canza. A 2022 masana daga Sifen da Amurka, cikinsu har da Darby Saxbe ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, suka ba da sakamakon maza 40 da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu kafin haihuwar fari da bayanta. Su ma an ga raguwa a ɓawon ƙwaƙwalwa, a wuraren gani da na fahimtar wani. Ba ta kai ta uwaye ba, kuma ta bambanta ƙwarai daga wannan mutum zuwa wancan. Wannan bambanci shi ne abin lura. A wani rahoto na 2024 Saxbe ta nuna cewa ubannin da suka fi zama da jariransu, suka fi jin shaƙuwa da su, su ne canjin ya fi kamawa. Su ne kuma suka fi kukan rashin barci da damuwa. Abin ba kyauta ba ne.

Ita uwa ciki ne ke buɗe mata ƙofa. Shi uba sai ya ɗauki yaron.

Jininsa ma yana shaida haka. A birnin Cebu na ƙasar Filifin an bi samari 624 har shekara huɗu da rabi ana auna testosteron, watau sinadarin da ke ba namiji gemu da kaurin murya, yana kuma da hannu a sha'awa da son gasa. Rahoton ya fito a 2011. Waɗanda suka yi aure suka haihu a wannan tsakani, sinadarin ya sauka da kashi 26 cikin 100 a awon safe, da kashi 34 a awon dare, fiye da ninki biyu na saukar da aka gani ga waɗanda suka zauna ba aure. Waɗanda ke yin awa uku ko fiye a rana suna hidimar yaro, nasu ya fi sauka. Kada wani ya firgita ya nufi masu maganin maza. Saukar ta fi ƙarfi a watan farko, kuma masana suna ganin jiki ne ke rage wutar faɗa da yawo domin mutum ya iya zama da abin da ba ya magana sai kuka.

Misalin da ya fi kusa da mu daga Tanzaniya yake. A 2009 aka gwada maƙwabta biyu. Hadza maharba ne, uba yana kwana kusa da 'ya'yansa, yana ɗaukarsu. Datoga makiyaya ne, renon yaro aikin mata ne, maza suna ci daban suna kwana daban. A wurin Hadza, masu 'ya'ya sun fi marasa 'ya'ya ƙarancin wannan sinadari. A wurin Datoga babu bambanci. Ƙasa ɗaya, rana ɗaya ke dukansu, amma al'ada ta shiga har cikin jini. Mai karatu ya tambayi kansa wanne ne ya fi kama da gidan da ya tashi.

Akwai kuma oksitosin. Matan da suka haihu a asibiti sun san shi ko da ba su san sunansa ba, gama shi ne allurar da ake yi a cinya da zarar yaro ya fito domin mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Jiki da kansa yana yin sa, shi ke sa nono ya zubo, yana kuma da hannu a shaƙuwa. A Isra'ila, Ruth Feldman da abokan aikinta sun auna ma'aurata 80 masu ɗan fari, suka ba da rahoto a 2010 cewa yawansa a jinin uba daidai yake da na uwa a watanni shida na farko. Sai dai na uwa ya fi tafiya da runguma da kallon ido da zancen jarirai, na uba kuwa da wasa, irin ɗaga yaro sama da cilla shi da ke sa kakanni salati.

Mun saba cewa uwa ce kaɗai ke gane kukan ɗanta. A 2013 aka gwada wannan da jarirai 29 a Faransa da Kwango. Aka naɗi kukansu, aka gauraya da na wasu, aka sa iyaye su tsinto nasu. Ubannin da ke yin aƙalla awa huɗu a rana tare da jariri sun yi kusan daidai da uwaye. Waɗanda ba sa zama ne suka yi ta kuskure.

To, ina wannan ya bar kunyar ɗan fari? Ni dai ban ga dalilin zubar da wankan gida ba. Yarinyar da kanta ke cikin irin wannan gyara tana bukatar hutu, da abinci, da babbar mace kusa da ita, kuma kakanninmu sun tanadi wannan tun kafin a ƙera na'ura. Matan birni da yawa da ke jego su kaɗai a ɗakin haya za su so su sami rabinsa. Inda nake da magana shi ne wajen uba. Kwana arba'in, wata biyu, wani har wata huɗu, mutum bai riƙe ɗansa na minti goma ba. Kafin a dawo da su, damina ta wuce ya tafi ci-rani. Yaro ya yi wayo yana ganin ubansa kamar baƙo, uban kuma yana jin yaron kamar kayan mata. Daga baya mu zo muna mamakin yadda dattijo da babban ɗansa ba sa iya zama a tabarma ɗaya su yi hira. Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan an yi musu haihuwa tun 2021, amma manomin Wanke ba shi da wanda zai rubuta wa takarda. Hutunsa yana hannun surukarsa. Ita ce za ta iya miƙa masa yaron ta ce, "Riƙe min shi in duba tukunya," ta kuma daɗe ba ta dawo ba. Ba sai ya kira sunan ba. Ba wanda ya ce hannu ma yana kunya.

Inda kunya ke kisa

Ƙwaƙwalwar da ke cikin gyara tana da saurin rauni. Da mabiyiya ta fita, sinadaran da suka yi wata tara suna hawa sukan faɗi cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa mata da yawa, wajen kwana uku zuwa biyar, sukan sami kansu suna hawaye ba dalili. Wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Wanda ya ƙi wucewa shi ne abin tsoro: mai jego ba ta barci ko da jariri ya yi barci, ba ta son abinci, ba ta jin daɗin komai, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce, ko ta ce gara ta mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mata 13 cikin 100 suna samun irin wannan ciwo bayan haihuwa, a ƙasashe masu tasowa kuwa kusan 20 cikin 100. Ubanni ma ba su tsira ba. Wani nazari na 2010 da ya tattara bincike da yawa ya sami wajen ɗaya cikin goma, ya fi yawa tsakanin wata uku zuwa shida.

Ga inda al'adarmu ke rufe mana ido. Macen da ciwon damuwa ya kama ba ta kallon jaririnta, ba ta yi masa wasa, ba ta magana. Mu kuwa a wurin 'yar fari wannan shi ne tarbiyya. Sai a yi ta yabonta, ana cewa yarinyar nan akwai alkunya, alhali nutsewa take yi. Mai kunyar gaske, in ɗaki ya watse, za ka same ta tana shinshinar kan yaron. Wadda ba ta da lafiya ko ita kaɗai ce haka take zaune. Kaka ce kaɗai ke da damar ganin wannan bambanci, in ta san abin da take dubawa.

Halin da ƙasarmu ke ciki ya ƙara nauyin. Mutanen karkarar Gusau da Tsafe da Bunguɗu ba sa bukatar a gaya musu abin da 'yan bindiga suka yi wa barcin dare. Akwai matan da suka yi jego a gidan da ba nasu ba, a garin da suka gudo, ba uwa ba kaka. Binciken Pilyoung Kim a Jami'ar Denver ta Amurka ya nuna cewa uwayen da talauci da damuwa suka danne, ƙwaƙwalwarsu ba ta amsa kukan jariri da ƙarfi kamar ta sauran. Irin wannan mace in ta yi sanyi da ɗanta, kafin a zage ta a tambaya yaushe rabonta da barci.

Abu biyu kuwa ba sa jiran gobe. Na farko, mai jego ta rikice farat ɗaya cikin mako biyu na farko, tana surutai, tana jin muryoyi, tana cewa yaron ba nata ba ne. Yakan sami mace ɗaya ko biyu cikin dubu. Wasu za su ce iska ce, wasu su ce sammu. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti, kada kuma a bar ta ita kaɗai da jaririn. Ciwo ne da ke jin magani, kuma yawancin masu shi suna warkewa. Akwai babban asibitin tarayya da na ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato. Na biyu shi ne jijjiga, wadda hawan jinin ciki ke kawowa, ta fi kuma kama masu cikin fari. Tana aiko da manzanni: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu. Tana iya zuwa ko bayan an haihu. Da aka shigar da allurar magnisiyam salfet a asibitoci goma na Jihar Kano a 2008, mutuwar matan da jijjiga ta kama ta sauko daga kusan 21 cikin 100 zuwa ƙasa da 3.

'Yan zumuntar mata su ne suka fi kowa shiga ɗakin mai jego. Suna zuwa barka da sabulu da zane da waƙa, kowa ta ɗauki jariri ta yaba hanci. Da ma a cikinsu a sami ɗaya da za ta tsaya bayan an watse, ta zauna a bakin gado ta ce, "'Yata, ke fa? Kina samun barci? Me kike tunani da dare?" Sa'an nan ta yi shiru ta saurara, ko da amsar za ta daɗe.

Rigakafin yara na mako shida yana faɗuwa kwana biyu bayan an gama arba'in, ranar ce kuma ya kamata a duba ita uwar, a gwada jininta, a tambayi lafiyarta. Yawanci kaka ce ke rakiya, ita ce kuma ke amsa duk tambayar da ma'aikaciyar asibiti ta yi, mai jego tana sunkuye. Wannan tafiya angon ƙarni ya kamata ya yi. Ya ɗauko su a babur, in an isa ya karɓi yaron ya zauna a benci da katin a hannunsa, ya bar matarsa ta shiga ita kaɗai ta faɗi abin da ke damunta.